Harajin Gonar da Teku Ya Cinye

"To faɗa musu mana, Tarmuji, ka ji daɗi," in ji Pak Guru Rasiman, yana janye ƙafafunsa zuwa kan benci, don ruwan teku ya fara shigowa shagon kofi na Bu Ngatemi kamar yadda ya saba kowace la'asar. "Yau ranarka ce."

Rediyon da ke rataye a jikin ginshiƙi ya gama faɗin labarin ke nan. Majalisar gunduma ta kwashe kwana uku tana cacar baki, daga ƙarshe ta yi watsi da ƙarin harajin ƙasa, ta kuma kafa doka cewa abin da gwamnatin gunduma za ta kashe bana kada ya wuce na bara. Mutum bakwai ne a shagon, shida suka yi tafi. Tarmuji, wanda ya yi wata biyu yana bin gida-gida da takardar koke, yana karɓar sa hannu da dangwalen yatsa, bakinsa har kunne. Ya ce wa Bu Ngatemi ta zuba wa kowa kofi shi zai biya, har da wanda ya ƙi yin tafin.

"An ɗaure akuya, Pak Guru," in ji shi. "Shekara nawa tana cinye mana shuka? Yanzu sai ta ci iya inda igiya ta kai."

"Idan igiyar ba ta kai maƙabarta ba fa?"

Kowa ya san cewa a cikin tsarin bana ne aka rubuta za a cika maƙabartar garinmu Tambakwuni da ƙasa, a ɗaga ta sama da ruwa, a kewaye ta da dutse. Shekara huɗu ana kai wannan kuka kafin ya shiga takarda. Tarmuji ya yi saurin cewa wannan ai ƙaramin aiki ne, bai kai kuɗin tayoyin motar shugaban majalisa ba, kuma idan za a rage, daga motoci da tafiye-tafiye za a fara. Pak Guru ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya tambaye shi ko ya taɓa ganin mai rabon shinkafa da aka ce ya rage, ya fara ragewa daga kwanonsa.

Pak Guru ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ƙi. Ya sake gwadawa, sai ya zame ya zauna daɓas cikin ruwa, hularsa ta faɗi tana yawo a gefensa. Da farko an yi dariya, don an ɗauka santsi ne. Da aka ga fuskarsa, dariyar ta tsaya. Tarmuji ne ya durƙusa ya goya shi, ya bi gadar gora da shi zuwa gida, yana mamakin yadda mutumin da ya cika shago da murya ba shi da nauyin buhun gishiri.

Shekara arba'in ke nan suna maƙwabtaka, bango ɗaya ya raba su, kuma a cikin shekarun nan ba a taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba sai lokacin salla. Rasiman tsohon malamin firamare ne, shi ya sa kowa ke kiransa Pak Guru, wato Baba Malami, har waɗanda suka girme shi. Tarmuji kuwa mai tafkunan kifin bandeng ne a da, kafin teku ya haɗe tafkunan ya bar shi da ɗinkin komar kamun kifi. A garinmu kowa ya saba da ɗaga daɓen ɗakinsa duk bayan 'yan shekaru don ya tsere wa ruwa. Na Pak Guru sau huɗu ana ɗagawa, har sai mutum ya sunkuya kamar mai ruku'u kafin ya shiga, taga kuma ta dawo daidai gwiwa.

Abin da ya fi haɗa su rigima shi ne gonar Pak Guru. Gonar shinkafa ce da ya gada wurin mahaifinsa, kuma yau shekara goma sha biyu tana can inda masunta ke jefa koma, ruwa ya fi tsayin mutum biyu a kanta. Duk da haka, kowace shekara idan takardar haraji ta zo, sai ya goge rigarsa mai zanen batik, ya hau kwale-kwale, ya hau babur, ya je gari, inda ofishin gunduma yake, ya biya. Rasit ɗin yakan jera shi cikin gwangwanin biskit tare da 'yan'uwansa. Mutane sun mai da shi abin tsokana. Idan masunci ya kamo kifi mai kyau, sai ya ce daga gonar Pak Guru ne, a kai masa zakka. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce: gwamnati ba ta ganin mutum sai a takarda, muddin ana biya, garin yana nan. A ganinsa ma harajin ya yi kaɗan, kamata ya yi a ƙara wa kowa, musamman masu masana'antun da ke zuƙe ruwan ƙasa, a gina katangar teku.

Tarmuji bai jahilci abin da yake faɗa ba shi ma. Ya je gari ya ga sabuwar ƙofar ofishin gunduma, da kifayen siminti biyu a kanta, kowanne ya fi kwale-kwalensa girma. Ya ga motoci. Ya ji labarin 'yan majalisa sun tafi ƙasar waje kallon katangar teku, sun dawo da jakunkuna. Duk shekara kasafi yana ƙara ƙiba, duk shekara ruwa yana ƙara hawa, to wane mai hankali ne zai ce a ƙara? Shekara takwas rabonsa da biyan ko sisi, kuma yana alfahari da hakan. Gaskiyar magana, kowannensu yana da tasa gaskiyar, ita ce ma ta hana gardamar ƙarewa.

Likita a asibitin gari ya ce hanta ce, kuma ta yi nisa. Pak Guru ya kwana huɗu a can, ya ce a mayar da shi gida. Matarsa Sumiyem ta rasu shekara shida da suka wuce, ɗansu guda ɗaya, Wiyono, yana aikin masana'anta a kusa da Jakarta, don haka jinyar ta faɗa kan maƙwabta. Darsih, matar Tarmuji, ita ke dama masa kunun shinkafa. Tarmuji ke ɗaga shi, shi ke kwantar da shi, shi ke ɗora gadon kan ƙarin bulo idan ruwa ya yi barazana. Ko a haka ba su daina ba. Yana goge masa baya suna musu a kan albashin 'yan majalisa, har Darsih ta ce idan ba su yi shiru ba za ta kai kunun gidan wani.

Wata safiya Pak Guru ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya zaro ambulan.

"Takardar bana ba ta zo ba," in ji shi. "Lokacinta ya wuce. Ka je ka biya mini."

"Ni? Ni zan kai musu kuɗi da ƙafata?"

"Ba naka ba ne, nawa ne. Ka rufe fuska da hula in kana jin kunya."

Tarmuji ya karɓa yana gunaguni. Zai miƙe, Pak Guru ya riƙe masa gefen zane. Ya ce akwai wata maganar. Ya ce lokacin da aka binne Sumiyem ya auna wurin da ke gefenta da tafin ƙafarsa, ya kafa icce, kuma duk garin an san nasa ne. Ya ce ya san shekara biyu ke nan ana kai mamatan Tambakwuni maƙabartar gari, a jera su cikin baƙi, a bayan tashar mota. Shi ba ya so. Shekara talatin da takwas suna kwana ɗaki ɗaya, ba zai je ya kwanta a bayan tasha ya bar ta cikin ruwa ita kaɗai ba.

"Wiyono yaron birni ne, zai nemi sauƙi," in ji shi. "Kai kuwa taurin kanka ya isa. Ka yi mini alkawari."

"Na yi, Pak Guru."

"An ce da rani za a fara kawo ƙasar. Saura wata biyu. Zan jira."

Tarmuji ya ga yadda idon mutumin ya yi rawaya, wuyansa ya koma kamar na kaza, ya kuma gane cewa da gaske yake. Jiran ƙasar nan ne ke sa shi haɗiye kunun da ba ya so. Tausayi ya kama shi, tare da wani tsoro da ya ƙi bari ya yi suna.

Washegari ya sa rigarsa mai kyau, ya rataye takalma a wuya har ya kai busasshiyar hanya. A ƙofar ofishin gunduma ya tarar da mutum biyu a kan tsani suna yi wa kifayen simintin sabon fenti. Ya tofar da yawu, ya shiga. Ya ɗauki lamba, ya zauna cikin sanyin na'ura yana jin ƙarnin teku a jikinsa, har aka kira shi. Wata matashiyar ma'aikaciya ce, mai fara'a da ladabi. Ya miƙa mata rasit ɗin bara. Ta buga lambar, ta duba, ta sake bugawa, sannan ta ɗago da murmushi kamar mai yin albishir.

"Babu abin biya, Pak. An cire wannan filin daga rajista."

"An cire kamar yaya?"

Ta ce an sa shi cikin ƙasar da ta shafe. Ba shi kaɗai ba, duk abin da ke arewa da titin siminti, gonaki da tafkuna da gidajen Tambakwuni gaba ɗaya. Ta ce tun da aka ƙayyade kashe kuɗi, an duba an ga abin da ake ɓatarwa wajen buga takardu da tura ma'aikaci cikin ruwa ya fi abin da ake samu. Sannan ta juyo masa da fuskar na'urar, ta nuna da bakin biro.

"Ai ku kuka roƙa, Pak. Ga shi a takardar kokenku, magana ta biyu: a daina karɓar haraji a kan ƙasar da teku ya ci. An amsa muku."

Tarmuji ya kalli rubutun. Ba ya bukatar a karanta masa. Shi ya faɗi wannan magana da bakinsa a shagon Bu Ngatemi, surukin wani ya rubuta, aka yi ta yaba masa hikima. Ya tambayi aikin maƙabarta. Ta ce ba sashenta ba ne, ya hau bene. A bene wani mutum mai cin soyayyen tempe, wainar waken soya, a cikin takarda ya saurare shi har ƙarshe, ya goge yatsunsa, ya yi masa bayani a hankali kamar yana magana da mara lafiya. Duk sabon aiki an dakatar, tunda doka ta ce kada a wuce na bara, kuma albashi da man mota da wutar ofis su ne na bara. Ko da kuɗi ya samu nan gaba, ba a zuba ƙasar gwamnati a wurin da rajista ta ce babu ƙasa. Ya ba shi shawara mutanen garin su fara tunanin ƙaura, akwai wani shiri da ake magana a kai.

Ya sauko ya koma wurin matashiyar, bai ɗauki lamba ba. Mutumin da ya shekara takwas yana zagin masu karɓar haraji ya ajiye ambulan a gabanta da hannu biyu.

"Don Allah ki karɓa, 'yata. Ki rubuta ko a bayan wata takarda ce, ki buga hatimi. Mai shi yana kwance ne."

"Na'urar ba za ta karɓa ba, Pak. Babu lambar."

"To ki sa a kan tawa. Shekara takwas ban biya ba."

Ta tambayi sunansa, ta buga, ta girgiza kai. Tasa ma an cire, har da na baya an yafe. Ta ce ya kamata ya yi murna, mutane da yawa na neman irin wannan ba su samu ba. Ta tura masa ambulan ɗin a hankali, ta kira lamba ta gaba.

A hanyar dawowa ya tsara ƙaryarsa tsaf. Ya sayi lemo a tasha don ya sami abin riƙewa. Ya sunkuya ya shiga ɗakin da azahar, ya tarar da Pak Guru a jingine, gwangwanin biskit a buɗe a kan cinyarsa, yana jira. Tarmuji ya ajiye lemon, ya yi ta surutu a kan zafin rana da tsadar babur, sannan ya ce ya biya, amma injin buga rasit ya lalace, sun ce a dawo mako mai zuwa.

Pak Guru ya ɗago ya kalle shi.

"Shekara talatin da ɗaya ina zuwa ofishin nan, Tarmuji. Takardar fansho, dawo gobe. Takardar mutuwar Sumiyem, dawo gobe. Amma a wajen karɓar kuɗi ba su taɓa cewa a dawo gobe ba. Ranar da wuta ta ɗauke, da hannu suka rubuta mini." Ya miƙa tafin hannunsa. "Kawo."

Tarmuji ya zaro ambulan ɗin ya ɗora masa. Ya zauna a bakin gado ya faɗa masa komai, bai rage ba, har magana ta biyu a takardar koke da wanda ya faɗe ta. Ya so Pak Guru ya zage shi. Ya so ya ce ai na faɗa maka, ya yi dariyar nan tasa mai ƙona rai, su yi musu har Darsih ta leƙo. Shekara arba'in mutumin nan bai taɓa barin wata gardama ta wuce shi ba, yau kuma da ya ci ta a fili, sai ya yi shiru. Ya mayar da murfin gwangwanin, ya danne shi da tafin hannu.

"Ba laifinka ba ne kai kaɗai," in ji shi can. "Ko da an ƙara ɗin, wataƙila kifi na uku za su gina." Ya juya fuska wajen bango. "Ƙasar dai ba za ta zo ba."

"Alkawarina yana nan, Pak Guru."

"Na sani."

Daga ranar bai ƙara shan kunu ba. Darsih ta sa sukarin kwakwa, ta sa gishiri, ta yi lallashi, ta yi faɗa, ya ce ya ƙoshi. Tarmuji ya yi ta jawo maganar majalisa, har ya ƙirƙiro ra'ayin da shi kansa bai yarda da shi ba don dai ya tsokano shi, amma Pak Guru sai ya gyaɗa kai kawai. Wannan gyaɗa kan ya fi wa Tarmuji ciwo fiye da duk baƙar maganar da ya taɓa sha a wurinsa. Kwana biyar aka yi a haka. Ranar Talata da hantsi, Tarmuji yana zaune a ƙofa yana ɗinkin koma, Darsih ta fito daga ɗakin da kwano a hannu, ta tsaya tana salati, hawaye na zuba. Ya ajiye komar.

Wiyono ya iso da yamma a motar haya, idonsa ja. Kafin ya gama gaisawa da mutane ya riga ya yi waya maƙabartar gari, an ce akwai wuri. Tarmuji ya ja shi gefe ya faɗa masa wasiyyar. Wiyono ya ce ya sani, mahaifinsa ya sha faɗa masa, amma Pakde ya je ya ga wurin da idonsa kuwa? Da wannan sunan na babban kawu yake kiran Tarmuji tun yana rarrafe. Liman Sarpani, wanda ke wanke mamatan garin yana yi musu salla, ya ce shi ba zai sa musulmi cikin ruwa ba, amma idan aka iya tsare ramin ya bushe ko na ɗan lokaci ne, ba shi da ta cewa. Masunta suka ce gobe ruwa zai ja baya wajen ƙarfe tara, ya ba da sa'a biyu, in an yi sa'a biyu da rabi. Wiyono ya kalli tsohon da ke gabansa, ya ga ba zai tanƙwaru ba. Ya ce to, sa'a biyu. In bai yiwu ba, sai gari.

Da safe aka yi wanka, aka yi salla a masallaci, aka ɗora makara a kan kwale-kwale mafi faɗi, an lulluɓe ta da koren ƙyalle da igiyoyin furanni, mutum ɗaya yana riƙe mata laima kamar yadda aka saba. Sauran kwale-kwale uku suka ɗauki mutane da alluna da fartanyu da injin jan ruwa da aka aro. Maƙabartar ta fito daga ruwa kamar bayan wata dabba, laka baƙa mai sheƙi, duwatsun kaburbura sun karkace, ƙananan ƙaguwa suna gudu a tsakaninsu. Dutsen Sumiyem yana nan, kawa, wato katantanwar teku, ta manne a jikinsa ta rufe rabin sunan. Iccen da Pak Guru ya kafa babu shi. Tarmuji ya auna da tafin ƙafarsa, ya ce nan.

Aka bar makarar a kan ruwa a bakin lakar, aka fara haƙa. Taku ɗaya na farko ya yi sauƙi, laka ce kawai. Daga nan ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙasa da ta gefe. Aka kafa alluna, aka tokare su da gora, aka tayar da inji. Ya ja na minti goma, laka ta toshe shi, ya mutu. Aka buɗe, aka wanke, ya sake tashi, ya sake mutuwa. Tarmuji ya karɓi bokiti ya shiga ramin da kansa. Shekararsa sittin da bakwai, amma ya yi ta kwasa yana miƙawa sama kamar saurayi, yana yi wa masu fartanya tsawa su ci gaba ta ɗaya gefen. Ramin ya kai ƙugu. Duk bokitin da ya fitar, wani ya maye gurbinsa, amma na ɗan lokaci kamar yana cin galaba, har Liman Sarpani ya matso ya leƙa, ya ce a ƙara taku ɗaya a gani.

A wannan takun ne bangon da ke wajen Sumiyem ya saki. Bai yi ƙara ba. Allunan suka turo ciki a hankali, laka ta zubo, ruwa baƙi ya biyo ta, a cikinsa kuma wani tsohon katako ya sulalo ya bugi gwiwar Tarmuji. Ya kai hannu zai jefar da shi waje, sai ya tsaya. Ya san katakon. Shi ya yanka su da zarto shekara shida da suka wuce, guda bakwai, shi ya miƙa su ɗaya bayan ɗaya aka jera a kanta.

Masu fartanya suka ja da baya. Liman ya yi salati a hankali. Tarmuji ya rungume katakon ya tura shi cikin ɓarakar da ya fito, ya danna da kafaɗa, ya kwashi laka da hannu yana cusawa. Lakar ta narke ta dawo. Ya sake cusawa. Can sai wani masunci ya nuna bakin maƙabartar, inda kwale-kwalen makara ya fara ɗagawa yana jan igiyarsa. Ruwa ya juyo.

Wiyono ya durƙusa a bakin ramin, farin wandonsa cikin laka.

"Pakde, ya isa."

"Saura kaɗan. A ba ni allo biyu."

"Pakde, in muka ci gaba, ita ma za mu fito da ita. Ya isa haka."

Tarmuji ya ɗaga kai ya kalle shi, ya kalli makarar. Ruwa ya kai masa ciki. Ya buɗe baki kamar zai yi musu, don bai san wata hanyar magana ba, amma babu wanda zai yi musun da shi. Kuka ya zo masa irin na tsofaffi, marar sauti, kafaɗa kawai ke rawa. Mutum biyu suka kama shi ta hammata suka zaro shi. Aka tura lakar da aka haƙo cikin ramin da sauri, iya abin da aka samu, aka ɗora duwatsu a gefen Sumiyem, ruwa na wanke ƙafafun mutane suna yi.

Da za a tashi, mai riƙe da laima ya miƙa wa Tarmuji, ba wanda ya sa shi. Ya hau kwale-kwalen makara, laka tun daga ƙirji har ƙafa, ya zauna ta wajen kai ya ɗaga laimar. Aka ja igiyar inji, aka juya hanci wajen titin siminti inda motar gari ke jira. Suka wuce masallaci, suka wuce gidajen da suka durƙushe, mata a ƙofofi suna kallo. Kwale-kwalen yana tangaɗi, inuwar tana zamewa daga kan koren ƙyallen, yana mayar da ita.

Sau ɗaya ya waiwaya. Ruwa ya riga ya shafe lakar, ya yi lumui, ba a gane inda aka haƙa. Wani ya manta fartanyarsa a kafe a wurin, ƙotar kaɗai ta rage a sama, wani farin tsuntsu ya sauka a kanta yana gyara fiffike.